Mijin Yaya da Tsohon Injin Tsaga Katako

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: in akwai wawa a cikin wannan labari, ni ne. Na sa haka a layin farko don waɗanda suka zo gaisuwa suna kallona ta wutsiyar ido su huta, ni ma in huta. Wanda ya rasu kuwa, mijin yayata, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa, shi ba wawa ba ne, ko da yake na yi shekara arba'in da ɗoriya ina ƙoƙarin shawo kan mutanen Diffa su yarda shi ne. Haƙƙina ne. Ni ƙanen mata ne, tun ranar da ya ɗauke mini yaya aka ba ni izinin tsokanarsa har ƙarshen rai. Tun yana da baƙin gemu nake ce masa Tsoho. Shi kuma yana ce mini Mushe, don na yi shekara biyar a lakwal, wato makarantar boko, na kuma tsufa ina planto a biro, ina kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. A dangimmu wannan ilimi ne mai nauyi.

Kwana uku muka yi a rumfar ƙofar gidansa muna karɓar gaisuwa. Na zauna makoki da yawa a rayuwata, na san yadda ake yi: a shafa fatiha, a ce mutumin kirki ne, a zuba wa tabarma ido. A nan ba haka aka yi ba. Kowa ya gama addu'a sai ya karkata wuya ya dubi injin da ke ƙarƙashin kwano a gefen rumfar. Masu lambun tattasai da suka zo daga Shetimari har tashi suka yi suka kewaye shi, ɗaya ya ɗora masa hannu kamar mai gaida mara lafiya. Wani dattijon Bafillace ya tambaye ni ko gaskiya ne yana yanka gungume kamar yadda ake yanka cuku. Na ce gaskiya ne, na soma yi masa bayani, sai ya tuna yana da uzuri. Bulaman unguwa ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ya yi wa matattu hidima haka ba, alhali ba su iya cewa an gode.

Rana ta biyu wata mata ta zo daga bukkokin 'yan gudun hijira na bakin kwalta. Ba wanda ya san ta. Ba ta shiga wajen mata ba, ta durƙusa can nesa da mu, ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci, "Shi ya rufa wa mijina fuska." Ta tashi ta tafi. Can wani ya ce, "Yanzu wa zai riƙe injin?" Na yi gyaran murya. Ba wanda ya waiwayo. A lokacin na ɗauka nauyin rasuwa ne ya toshe musu kunne.

Don wanda bai taɓa ganin abin ba: dogayen ƙarafa ne guda biyu a shimfiɗe kamar hanya, bisa tayoyi biyu don a iya jan shi zuwa inda itace yake. A kansu akwai wani kai mai gurgura, cikinsa ƙafafu biyu masu juyawa, zarto ya kewaye su kamar ɗamara, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Ka kwantar da gungume, ka tayar da inji, ka tura kan a hankali, zarton ya bi ta cikin itacen ya fitar da falle. Shi ke nan. Yanzu da na rubuta shi na ga ba wuya. Da ma haka na gani tun farko.

Tsoho kafinta ne tun tasowarsa. Ƙofa, benci, akwatin amarya, makarar masallacin unguwa, duk aikinsa ne. Fensir ba ya barin bayan kunnensa, amma bai taɓa rubuta harafi da shi ba, layi kawai yake ja. Awonsa da zare yake yi, mai ƙulli-ƙulli, shi kaɗai ya san abin da kowane ƙulli yake nufi. In aka kawo masa itace sai ya shinshina shi tukuna. In ka matsa masa da tambaya, yaushe za a gama, me za a yi da wannan, amsarsa ɗaya ce: "Bari mu tambayi itacen." Kuma bai taɓa zama a kan bencin da ya ƙera ba sai wanda ya fi shi ƙiba ya riga shi. Shekaru da yawa ni ne wannan mutumin, ina ɗauka girmamawa ce.

Abin da ya kai shi ga injin, jana'iza ce. A shekarun da tashin hankali ya rufe hanya, katakon da ake kawowa daga ƙetaren kogi ya yanke, daji kuma ba mai shigarsa da nisa, ga jama'a sun cika gari. Aka kira mu jana'izar wani baƙo cikin waɗanda suka gudo daga wajen Yebi. Kowa ya san yadda ake yi: in an sa mamaci a ƙaramin ramin, a jera itace a kansa, a toshe kafofi, sannan a mayar da ƙasa. To ƙasarmu yashi ce, ba ta da kunya, ko ina ta ga kafa sai ta bi. Itacen da aka samu ranar 'yan karkatattun rassa ne da guntun tsohon kwano. Aka jera, aka toshe iya ƙoƙari, aka soma turawa. Ni ina baya ban gani ba. Tsoho yana bakin ramin, ya ji da kunnensa yashi na zuba a kan likkafani. Ɗan'uwan mamacin ma ya ji.

Tsoho ya koma gida bai ci tuwo ba. Yaya ta aiko a kira ni, wai in zo in tsokane shi ko ya yi magana. Na yi iya yina, bai ko ɗaga kai ba. Daga ƙarshe ya ce, "Mushe, mutum ya baro gonarsa da garinsu, ya zo ya mutu a hannunmu, mu kasa kare masa fuska daga yashi." Ya ce ambaliyar Komadugu ta kayar da manyan dogon yaro a lambuna, suna nan kwance gara na ci, masu gatari na ɓantara kaɗan-kaɗan. Da za a samu abin tsaga su falle-falle, da ba a ƙara rufe kowa a unguwar nan da karkataccen reshe ba. Ya ce ƙarfinsa ya tafi, ƙafafunsa sun soma kumburi, idonsa ya yi yana, yana so ya ga wannan kafin a jera nasa.

Nan ne ilimina ya tashi. Na tuna wani inji da wani proje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya bari da ya naɗe kayansa, wani ɗan kasuwa ya saye shi cikin tarkace ya jefa a bayan gidansa ya manta. Ni na taɓa kai takarda wurin. Na ce wa Tsoho ya kwantar da hankali, yana tare da wanda ya san kayan Turawa.

Muka je. Kaji sun mai da shi gida, akuya na kwance a inuwarsa, tayoyin sun nutse cikin yashi har rabi, wata 'yar ƙaya ta tsiro ta tsakiyar ƙarafan ta yi girma abinta. Na kewaya shi sau biyu hannuwana a baya, yadda na ga manya na yi a biro. Na shuri taya. Na share ƙura daga jikin motar da ke juya shi, na ga jan fenti na sheƙi, na yanke hukunci cewa lafiyarsa lau. Tsoho ko kallon motar bai yi ba. Ya fiddo zarensa, ya ba ni ɗaya bakin, ya ja shi bisa ƙarfen daga wannan kai zuwa wancan, ya durƙusa yana bin tsakanin zare da ƙarfe da yatsa. Ya yi wa ɗayan haka. Ya daɗe.

Mai kayan ya ce, "Baba, inji ake saye, ba a auna shi kamar yadi."

Tsoho ya ce, "Mota tana kowane lambu a bakin kogin nan. In ƙarfen nan ya lanƙwasa, ba mai miƙe mini shi daga nan har Damagaram."

Ƙarfen a miƙe yake. Ya sayar da bijimin da yake kiwo, aka yi ciniki. Mai kayan ya shiga ɗaki ya fito da ƙari: zarto guda a naɗe cikin takarda mai maiƙo, da wani littafi mai hotuna. Na karɓe littafin tun bai kai hannun kowa ba. Aka ɗaura injin a bayan amalanken shanu, muka ratsa gari, kaza ɗaya ta ƙi sauka sai da muka kai kasuwa.

Littafin nan, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ba Faransanci ba ne. Ba Ingilishi ba ne kuma, don na nuna wa maƙwabcin Tsoho, wani bakanike da ya gudo daga ƙetare da iyalinsa yana gyaran injin ban-ruwa, ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Oga Mushe, wannan ko malamin da ya koya mini bai san shi ba." Wasu haruffan ma da ɗigo biyu a kansu kamar idon fara. Amma ban ga dalilin da zai sa in tayar wa jama'a hankali ba. Na ce Faransanci ne na can ciki, wanda ba a koya wa kowa.

Gyaran ya ci mu wata biyu, kuma ban taɓa jin daɗin wata biyu kamarsu ba. Kowace safiya abin mamaki ne. Muka buɗe murfi muka tarar zanzaro ya gina gari guda da laka, unguwa-unguwa. Ɓera ya cinye bel ya bar mana zare. Ƙananan ƙafafun da kan yake gurgura a kansu sun kafe da tsatsa, bakanike ya jiƙa su cikin gazuwal, man dizal, kwana uku yana bugu da guduma kaɗan-kaɗan yana musu magana. Tsoho ya zauna a ƙasa da tsumma da baƙin mai da yashi mai laushi, yana goge ƙarfen taƙi-taƙi, ba ya gani sosai amma yatsansa ba ya ƙetare tsatsa. Kowace ƙusa muka kwance sai ya riƙe ta a tafin hannu ya ce, "Ko me wanda ya ƙera ya nufa da wannan?" Ba ya barin a mayar sai ya gane. Yakan ce wanda ya yi injin nan kafinta ne, don ya bar wurin sa hannu daidai inda hannu yake nema. Ni kuma ina kan benci da littafi, ina buɗe shafi, ina cewa, "Haka ne, haka suka ce."

Ya sa na raka shi wajen ma'aikatan gandun daji, muka samo takardar izinin tsaga itacen da ya faɗi da kansa. Wannan kam aikina ne, na yi shi da kyau, ina so a rubuta.

Sai muka zo kan motar mai jan fenti. Bakanike ya kwance ta, ya leƙa, ya kira ni ya ce in leƙa. Ruwan damina ya shiga ya kwana shekaru, cikin ya zama dunƙule ɗaya. Ya ce, "Oga, wannan sai dai a yi mata salla." Tsoho ya juyo wajena. Ya dai tambaya, cikin natsuwa, ko fentin na nan lafiya.

Mota ɗaya ce a gidan: ta injin ban-ruwan Yaya. Lambun tattasanta na nan kusa da gari, gadon mahaifimmu ne, da shi take ciyar da gida tun da aikin kafinta ya ja baya. Injin nan ta fi kula da shi a kan ni. Rigimar da aka yi a kansa ita ce mafi girma da na gani tsakaninsu, kuma ni aka sa a tsakiya.

Ta ce, "Ka sayar da sa ka sayo akurkin kaji, ban yi magana ba. Yanzu numfashin lambuna kake so?"

Ya ce, "Aro."

"Matattu sun ce maka suna jin yunwa? Masu rai ne ke ci a gidan nan."

"Ba su ce ba."

"To?"

"Ni na ji yashin, ke ba ki ji ba."

Ta juyo kaina. "Kai kuma uban masu ilimi, da ka ce lafiyarsa lau?"

Na ce a fannin fenti na yi magana.

Kwana biyu ba ta ce masa ko sannu ba, sai ta ajiye kwano ta wuce. Rana ta uku ta fito rumfa ta tsaya, ba ta dubi kowa ba, ta ce an gama tsinkar tattasai, injin na hutu. Ta ba da shi daga yau zuwa ranar da za ta zuba iri. Ranar nan ko gungume na rabin tsaguwa za a kwance a mayar mata. Ta ƙara da cewa in ya dawo yana tari, ni za ta ɗaura a bakin rijiya in riƙa jan guga.

Bakanike ya raba motar da famfonta, ya ƙera mata mazauni, ya sa sabon bel. Saura zarto. Nan na miƙe na ce wannan aikin mai littafi ne. Na hana Tsoho matsowa, na ce idonsa ba ya gani, haƙoran nan za su raba shi da yatsa. Wallahi da tausayi na faɗa, rabi dai. Na hana bakanike, na ce shi sarkin mota ne, kowa ya tsaya a masarautarsa. Na kwance naɗin, zarton ya yi tsalle ya buɗe da ƙara kamar maciji, ya murɗe, na yi kokawa da shi har ya zama da'ira. Na dubi hoto: haƙora na fuskantar gungume. Na ɗora, haƙora na fuskantar gungume. Na ɗaure tamau. Na ce bismilla.

Unguwa ta taru. Aka tayar da mota, aka tura kai, zarto ya taɓa itace. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya biyo, sai ƙauri. Maza uku suka danna da ƙarfi, ya shiga kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya, ya bar baƙin layi kamar an yi wa itacen lalas. Babu gari ko cokali ɗaya.

Sati uku muka yi a haka. Sati uku daga cikin kwanakin aron Yaya, ga zafin bazara, ga ƙafafun Tsoho na ƙara nauyi har takalmi ya daina shiga. Kowa ya kawo iliminsa. Bakanike ya kwance karbiraton motar sau huɗu. Masu lambu suka ce motar ce ƙarama, maganar ta kai kunnen Yaya ta ce motarta na ɗaga ruwan kogi zuwa tudu, ba za a zage ta a kan icce ba. Wani ya ce a jiƙa gungumen. Wata tsohuwa ta ce bishiyar da ruwa ya kayar ba ta rasa masu ita, a nemi izninsu. Ni kuwa na rufe littafi na ba da fatawa: injin an yi shi ne don itacen ƙasar Turawa, mai laushi kamar sabulu, ba don dogon yaron da ya sha ranar Diffa ba. Jama'a suka gyaɗa kai. Na ga Tsoho ya sunkuya, ya daɗe yana murza zarensa. Ranar ce kaɗai na ga kamar ya karaya.

Wata la'asar kowa ya watse, saura mu biyu. Ya ce in kama hannunsa in kai shi wajen zarton, mota a kashe, ba abin da zai same shi. Na kai shi ina gunaguni. Ya ɗora babban yatsa a bakin haƙoran, ya ce in juya ƙafar da hannu, ta inda mota take juya ta. Na juya. Haƙoran suka riƙa wucewa ƙarƙashin yatsansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in mayar baya. Na mayar, nan take ɗaya ya kama fatar, jini ya ɗigo.

Ya tsotsi yatsan. Ni ma a lokacin na gani. Da zarton ya yi tsallen nan ya juye ciki ya koma waje, haƙoran suna kallon itace amma sun ba hanya baya. Sati uku muna shafa gungume da ƙeyar haƙori. Ko yaron da ya taɓa riƙe zarton hannu ya san wannan, kuma mutumin da ya fi kowa sani a garin ni na hana shi taɓawa.

Na tsaya ina jiran abin da ya cancance ni. Shekara arba'in ina tsokanarsa, ga rana ta ba shi ni a tafin hannu.

Ya ce, "Mushe, ɗauko littafin nan. Duba mini ko sun ce in zarto ya yi sati uku a juya shi kamar riga."

Na ɗauko. Na buɗe shafuka. Idona ya cika ban ga ko hoton ba. Na ce, "Ga shi nan kuwa."

Ya ce, "Na san ba za su manta ba."

Muka juya shi tare. Wuta ta dakusar da haƙoran, ya zauna kwana biyu da magagari yana bin su ɗaya-ɗaya da lalube, ni ina riƙe masa. Da jama'a suka taru ya ce, "Mushe ya gano a littafi." Aka tayar da mota. Zarton ya shige itacen ba gardama, farin gari na feshi gefe, ƙamshin ɗanyen dogon yaro mai ɗaci-ɗaci ya cika rumfa. Falle na farko ya zame. Tsoho ya shafa shi daga kai zuwa kai, ya shinshina, ya ce, "Itacen ya amsa." Bakanike ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Oga injiniya." Na karɓa. Ba zan ɓoye ba, na karɓa, har na ɗan yi jawabi.

Kwana goma suka rage. A cikinsu aka tsaga gungume bakwai, aka yanka gajere-gajere daidai faɗin rami, da ƙullin zarensa aka auna. Ranar zuba iri da hantsi motar ta koma lambu, ba ta tari.

Allah Ya ƙara wa Tsoho shekara uku bayan haka, abin da ko shi bai zata ba. Katakon yana jere a gefen rumfa, ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri na mutum ɗaya. Ba a saye, ba a roƙo. Wanda aka yi wa rasuwa ya zo ya ɗauka, ɗan gari ne ko baƙo, Tsoho ba ya tambayar sunan kowa, sai dai babba ne ko ƙarami. Ya hana a yi masa godiya, ya ce ba a gode wa mutum a kan hanyar maƙabarta. Da masu lambu suka ga haka sai suka riƙa kawo aron motocinsu in suna hutu, wannan bana wancan baɗi. Wanda ruwa ya kayar wa bishiya ya aiko a zo a ja. Ni kuma na zauna daram a kujerar wanda ya gyara inji. In baƙo ya zo kallo ni ke bayani. Tsoho na gefe yana murmushi, wani lokaci ma ya ce, "Faɗa musu na shafin nan." Na tabbata maganar ta tsaya tsakanina da shi da Allah.

Akwai ɗauri ɗaya da ya ware, ya ɗaure da tsohon zarensa ya sa ƙarƙashin gado. Nasa ne. Na sha ce masa ya cika son kai, ya zaɓar wa kansa masu santsi. Kwana biyu kafin ya rasu, kamar yadda na ji daga baya, matar nan ta bakin kwalta ta zo neman na mijinta, jeren rumfa ya ƙare, lokacin ban-ruwa ne ba mota a kan inji. Yana kwance ba ya iya tashi, ya ce wa Yaya ta jawo na ƙarƙashin gado ta ba ta.

Ya cika ranar Talata bayan sallar asuba. Muka duba, babu falle ko ɗaya a gidan mutumin da ya rufa wa unguwa fuska. Tattasai kuwa na cikin fure, lokacin da ba ya son a tsallake masa ruwa ko yini ɗaya. Wasu suka ce a nemo rassa. Yaya ta aiko daga cikin ɗaki, magana ɗaya: a je lambu a kwanto motarta. Kafin rana ta take tsaka an ɗora. Na miƙa hannu zan ɗauki zarto, bakanike ya riga ni, ya ce, "Bari, Oga, yau kai mai makoki ne." Na ga ya bi haƙoran da yatsa kafin ya ɗaure. Na ce a raina, ga mutum mai ladabi. Bayan azahar muka jera masa falle takwas, ɗanyu, baki da baki. Ina bakin ramin wannan karon. Na kasa kunne da aka soma tura ƙasa. Ban ji komai ba.

Bayan sadakar uku na shiga wajen Yaya. Tana zaune a tabarmar takaba, carbi a hannu, ta rame. Na yi mata gaisuwa, muka ɗan yi hawaye irin na tsofaffi. Sannan na gyara zama na ce mata kada ta damu da zancen inji. Aikin Tsoho ba zai mutu ba. Tunda ni na gano sirrinsa a littafi tun farko, zan sadaukar da kaina in riƙe shi.

Ta ja carbi biyu ko uku. Ta ce ya bar wasiyya, injin na hannun bakanike, masu lambu za su ci gaba da ba da aron mota, ni ma ya bar mini aiki.

Na ce wane aiki ne ya fi wanda na ƙware a kai?

Ta ɗago ta dube ni yadda take dubana tun ina yawo ba wando.

Ta ce, "Sati uku motata na kuka ka sa wa zarto haƙora a ƙeya. Ni na ɗaure masa yatsan. Har akuyar unguwar nan ta sani, shi ya ce muddin yana da rai, duk wanda ya faɗa maka bai yafe ba. Kai za ka riƙa kai katakon maƙabarta. Shi ba shi da gaba, ba shi da baya."